Rami na Uku a Idon Hafsatu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na yi dillanci a gaban gadon ɗiyata.

Ni dillalin shanu ne, tsakanin Moriki da Kaura Namoda na gina kaina. Idona ne jarina. Saniya na wucewa zan gaya maka inda aibunta yake. Kuma sana'ar ta koya mini abu biyu game da aibu: in naka ne ka ɓoye shi, in ya ƙi ɓoyuwa ka ce ba daga garkenka ya fito ba.

Hafsatu, ɗiyata ta uku, tana aji biyu na sakandare lokacin da ta faɗo daga kan babur a hanyar Zurmi. Haɓo ya ɓalle mata. A tsaida shi yau, gobe ya dawo. Daga ƙarshe aka tura mu babban asibiti a Sakkwato, ni da uwarta Asabe da surukina Malam Ɗahiru, wanda ya bar gonarsa a Dauran ya biyo jikarsa.

Bayan an ɗauki hoton kanta, likita ya same mu a bakin gado. Ya ce jijiyar jini ce ta fashe can ciki, sai an bi ta gefen ido, wajen karan hanci, an ɗaure ta. Ya nuna mana a hoton cewa a bangon ƙashin nan akwai 'yan ramuka da jijiyoyi ke bi. Yawancin mutane biyu gare su, amma Hafsatu uku ne a ɓangaren dama. Dole ya san da wannan kafin ya shiga, in ji shi, don bayan na ƙarshen jijiyar gani take, kuma ba a kusantarta.

Mutum mai hankali gani zai ji a maganar nan, ganin ɗiyarsa. Ni "uku" na ji. (Ka yi mini adalci, shekara da shekaru duk abin da ya ɗara na sauran a jikin dabba, ragin farashi ne.)

Na riƙo hannun rigar likita, na rage murya irin yadda muke yi a kara, kasuwar shanu, in za a rufe ciniki. Sai dai muryar da ta saba da kasuwar Moriki, ko raɗarta ana ji a gado na uku. Na ce tunda zai shiga wurin, ya toshe na ukun mana, kuma kada a rubuta a ko'ina, ɗiya mace ce, wata rana za a zo nemanta. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakina ya riga ya hau hanya.

"Mu dai a gidanmu babu wannan," na ce.

Asabe ta sunkuyar da kai. Malam Ɗahiru ya daina jan carbi. Likita ya janye hannun rigarsa a hankali, ya ce wannan ba ciwo ba ne, halitta ce, wani ma damansa da hagunsa ba sa daidaita. Sannan ya dube ni.

"Alhaji, kai nawa gare ka? Ka taɓa ƙirgawa?"

Ban taɓa ba. Kafin safiyar nan ban ma san ina da ko ɗaya ba.

Na ɗauka Hafsatu barci take. Ashe idonta biyu. Da auduga cushe a hanci, muryarta a shaƙe, ta ce, "Baba, in an toshe sai a saye ni da tsada ko?"

Babu wanda ya yi dariya. Malam Ɗahiru ya miƙe, ya ce wa likita a yi abin da ya dace, in gidan da aka gado ramin ake tambaya, shi ya karɓa, daga nasu gidan ne.

An yi aiki lafiya, jini ya tsaya, idonta garau. Ramin na uku yana nan inda Allah ya ajiye shi. Ni ne dai aka toshe. A da in na dawo kasuwa, Hafsatu ke tarye ni tana tambayar wace saniya na fi yi wa wayo. Yanzu gaisuwa ce cikin ladabi, ta wuce ɗaki. Surukina kuwa in mun haɗu, bayan gajiya da iyali sai ya ƙara da, "Yaya mutanen gidan da babu wannan?"

Har yau ina ganin aibun saniya daga nesa. Amma na gane idon da ke ciyar da gida, a ƙofar gida ake tuɓe shi tare da takalmi.