Zakaran da Na Kai wa Ƙaton Japan a Dutsen Roni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙame na sara wa mai gyaran inji ba, da zakara a hammata, a gaban rabin mazan unguwarmu.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Na je yaƙin basasa na dawo. Na yi aikin fasa dutse a wajen Roni har nakiya ta ɗauke mini yatsu biyu. Daga nan na koma Kazaure na kama gadi a gidan wani ɗan kwangila. Ban yi boko ba, ban tara komai ba. Abu ɗaya nake da shi: in na ce na gani, to na gani. In rigimar iyakar gona ta tashi, ko shanu suka yi ɓarna, sai ka ji an ce a kira Kofur, wato ni. Maganata ce dukiyata.

Zamanin kuɗin mai ne. Maigidana ya sayo talabijin daga Kano, ya kafa mata eriya a kan dogon ƙarfe. Bayan la'asar sai a fito da ita ƙofar gida a jona mata batirin mota, unguwa ta taru. A cikinta na ga shugaban ƙasa yana jawabi. Na ga alhazai suna hawa jirgi, har da wani da na sani. Sai na yanke cewa akwatin nan ba ya ƙarya. (Daga nan ƙafata ta fara zamewa.)

Akwai wani wasan Japanawa da ake sawa duk mako. Wani ƙato ne mai fuskar ƙarfe, jikinsa na walƙiya, benaye iya gwiwarsa. In dodo ya fito zai rushe gari, sai ya zo su kama kokawa. Na ga manyan bindigogi a yaƙi, na ga gada ta tashi sama da motoci a kanta, amma ban taɓa sakin baki kamar yadda ƙaton nan ya sa na saki ba.

Wata rana aka yi kokawar a wani rami mai faɗi. Bangon dutse a yanke, tarin tsakuwa, kududdufi a ƙasa, da wani dutse da ya tsage gida biyu. Sai nakiya ta tashi a bayansu. Na san tashin nan. Jikina ya san shi kafin idona.

Na ce, "Wurinmu ne."

Tanko mai faci, taubashina, ɗan tsurut da shi amma bakinsa ya fi na kowa, ya juyo. "Wurin su wa?"

"Ramin Roni. Inda na bar yatsuna."

"Kofur, rana ce ta buge ka ko tuwon jiya ne? Japan fa aka ce."

"Su suka zo nan."

"Ƙato kamar wannan ya wuce ta Kazaure, ba wanda ya gani? Ko faci bai tsaya yi ba?"

Aka kwashe da dariya. Ni ban saba a yi wa maganata dariya ba. Na miƙe na ce, "In ba can ba ne, kada a ƙara kirana shaida a garin nan." Maigida da kansa ya ce zai ba da a-kori-kura ran Asabar a je a gani.

Ran Asabar na wanke takalmin soja, na ƙulle goro a ganye, na kama farin zakara. Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Matata Ladi ta tare ƙofa.

"Malam, ina za ka da zakarana?"

"Gaisuwa."

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

Na wuce.

Da hantsi muka isa. Tun da na ji rauni ban koma ba, kuma na ji an rufe aikin. Shekarun da na yi a ramin nan, ban da guduma da ƙishirwa ban ga komai ba. Ranar ce na fara ɗaga kai. Bangon dutsen ya miƙe har hularka ta faɗi, ja a sama, toka-toka a ƙasa, rana ta kwanta a jikinsa kamar an shafa mai. Shaho na shawagi a can ƙoli. In ka yi tari sai dutse ya mayar maka. Ga tsagaggen dutsen, ga tsakuwar, ga kududdufin, komai a inda na ce.

Na nuna musu wani kwarmi a kan falalen dutse, ruwa ya kwanta a ciki, ya isa mutum ya miƙe. Na ce, "Sawunsa." (Mu muka fasa wurin da hannunmu. Na sani. Amma a ranar na manta.)

Ba wanda ya yi dariya. Tanko ya sa ƙafarsa a gefen kwarmin, ya duba, ya janye ta a hankali.

Sai muka ji gurnani daga bayan tsagaggen dutsen. Wani shuɗin haske ya riƙa walƙawa a jikin bango, da rana tsaka. Mutane suka ja da baya. Wani ya fara salati. Tanko ya kama rigata.

"Kofur, na yarda. Mu koma."

Soja ba ya komawa. Na gyara zakara, na taka gaba ni kaɗai har gindin tarin tsakuwar, na ɗaga murya. "Salamu alaikum! Ranka ya daɗe!"

Dutse ya amsa. Hasken ya ɗauke. Sai ga shi ya ɓullo a saman tsakuwar, rana a bayansa. Fuskar ƙarfe. Manyan hannuwa. Tufafi masu sheƙi. Daga inda nake ya rufe rabin sama.

Na buga ƙafa, na ƙame, na sara da yatsuna uku.

"Kofur ne daga Kazaure, ranka ya daɗe! Muna ganin aikinka! Allah ya ƙara ƙarfi!"

Ya fara saukowa. Duk taku ɗaya sai ya ragu. Da ya kai tsakiya ya dawo kamar dogon mutum. Da ya iso gabana, kansa iya kafaɗata. Ya tura fuskar ƙarfen sama, ashe garkuwar walda ce. Wani bawan Allah ne mai tabarau, gumi sharkaf. Ya dube ni, ya dubi zakara, ya rusuna. Ban san abin yi ba, ni ma na rusuna. Zakara ya suɓuce ya bi duwatsu.

"Kai, Kofur! Me ya kawo ka?" Bulus ne, mutumin Jos, tsohon shugabanmu a aikin. "An sake buɗe wurin. Wannan injiniya ne, daga Japan aka turo shi ya tada injin niƙa dutse."

Ban juya ba, amma na ji Tanko ya faɗi ƙasa. Dariya ta cika ramin, dutse kuma yana ninka ta. Na roƙi Bulus kada ya fassara wa baƙon. Ya fassara, har da ƙari.

Injiniyan ya yi dariya, sannan idonsa ya canza. Ya yi ta magana da sauri, Bulus na juya mana. Ya san wasan. A wani ramin fasa dutse ake yin sa, kusa da garinsu. Shi da ƙanensa sun taɓa shiga jirgin ƙasa takanas don su ga wurin. Ƙaton nan kuwa mutum ne kamar kowa a cikin rigar roba, ana yi masa fifita in ya gaji. Benayen kuma na katako ne. Ya ce ranar da ya fara sauka ramin nan namu, sai da ya tsaya, don ya ga kamar gida.

Sai injiniyan ya kama hannuna ya ce in kwanta rigingine. Mutuncin ya riga ya tafi, na kwanta. Ya ɗora Tanko a kan wani dutse dab da kaina, ya jera gwangwanayen man inji a ƙafarsa, ya dunƙule hannuna kamar bututu ya ce in leƙa.

Na leƙa. Tanko, wanda iska ke iya ɗauka, ya tokare sama. Gajimare na wucewa ta bayan kunnensa. Gwangwanaye sun zama gari. Na daɗe a kwance. Kunya na cina, amma mamaki ya fi ta. Ashe a can ƙarshen duniya akwai rami irin namu, da masu fasa dutse irina, kuma wani ya kwanta a ƙasa kamar haka ya mai da ɗan Adam ƙato.

"Yaya ka gan ni?" in ji Tanko daga sama.

"Sauko kafin ka saba."

Bayan kwana kaɗan rigimar gona ta tashi, aka aiko. Na ce ba ni zuwa. Tanko ya zo da kansa.

"Haba Kofur. Ka ce ramin dutse, kuma ramin dutse ne. Ƙasar kawai ka kuskure."

"Na faɗa a gaban jama'a."

"Wasa ne fa."

"Ni ban yi wasa ba."

Ban ƙara tsayawa shaida a Kazaure ba. Zakaran kuwa Bulus ya kama, shi da injiniya suka cinye. Ladi ba ta yafe shi ba har ta koma ga Allah.

Abin da na koya kaɗan ne. Ido ba ya ƙarya, amma kafin ka ce ka ga ƙato, duba ko kai ne a ƙasa.

Yanzu ina garin Gwiwa, ina noman gyaɗa da yatsu takwas. Nan ma wani lokaci sukan kira ni shaida. Kafin in faɗi abin da na gani, sai na fara faɗin inda nake tsaye.