Yadda Za Ka Zama Kamfani Mai Tausayi Daga Safe Zuwa La'asar

Maigida, na ji masu sayen takalmanka daga ƙetare za su turo jami'arsu ranar Laraba, ta ga yadda kake riƙe da ma'aikata. Kwantar da hankalinka. Masana'anta ashirin da uku na yi wa irin wannan wanka, babu wadda ta faɗi. Bi matakan nan yadda na jera su, ni na ɗauke maka, takardar shaida za ta same ka har ofis da hatiminta mai ruwan zinariya.

Mataki na 1: Nemo murafen injina

Ka tuna murfin ƙarfen da ke kan injin yankan fata, wanda ke hana wuƙa sauka in hannu yana ciki? Kai ka sa aka cire bara, don yana rage gudun aiki. Murafen duk suna nan a sito, bayan galan-galan ɗin gam. A goge su a mayar ranar Talata. Kada a matse notin sosai, bakanike zai sha wahalar kwancewa ranar Alhamis, kuma kai mutum ne mai tausayin ma'aikaci.

Mataki na 2: Gyara allon bakin ƙofa

Kada ka rubuta "Kwana 400 babu hatsari". Ƙarya ma tana son kwalliya, sa 412. A cire kwaɗon ƙofar gudun gobara, in makullin ya ɓace a fasa. A yi hayar tukwanen furanni guda shida.

Mataki na 3: San yadda za ka yi da Gwaggo

Kowace masana'anta tana da Gwaggonta. Taka ita ce dattijuwar nan ta layin yanka, shekara goma sha huɗu a kan inji ɗaya, wadda wuƙa ta ɗauke wa yatsu uku na hannun dama wata biyu da suka wuce. Ba ka sa abin a rajistar hatsari ba, ka yi dabara. Dokar masu saye ta ce wanda ya ji rauni a bakin aiki, a mayar da shi aiki mai sauƙi, ba a korarsa. Ita ma ta san haka, shi ya sa kullum take tsaye a ƙofar ofis tana roƙon a rubuta sunanta. In an rubuta, za ta koma sashen sa takalma a kwali. In ba a rubuta ba, ƙarshen wata ta tafi gida saboda rashin sauri, ga 'ya'yan marigayi ƙanenta huɗu suna jiran tukunyarta.

Ka ba ta hutun ranar Laraba. Za ta ƙi. Za ta ce, "Ranka ya daɗe, hutun me? Ni so nake baƙuwar nan ta ga hannuna."

Kada ka ɗaga murya, faɗa aikin ƙananan kamfanoni ne. Raba wa kowa sabuwar safar hannu, ka ce doka ce. Tata a cusa auduga a guraben da babu yatsu.

Mataki na 4: Zaɓi tafinta

Jami'ar ba ta jin yaren ma'aikata, to sai a taimaka mata da ƙanen matarka. In ma'aikaci ya ce ba a barinsu su zaga sai an tashi, tafinta ya ce suna son aikin har ba sa iya rabuwa da kujera. Baƙo ko da ido makaho ne, balle wadda ke da masana'anta biyu gabanta da jirgin da zai tashi ƙarfe biyar. Ja ta ofis mai sanyi, tara mata fayil har ya kai mata haɓa.

Mataki na 5: Hoton ban kwana

Tara ma'aikata a tsakar fili, tafinta ya ce duk wanda ya gamsu ya ɗaga hannu. A nan ake samun matsala, gara ka ji ta daga bakina.

A wata masana'anta da na yi wa aiki, Gwaggonsu ta sa haƙori ta zare safar, audugar ta zube ƙasa. Ta ɗaga hannun sama da na kowa, ta ce, "Duba, 'yata. Ƙirga."

Jami'ar ta duba, ta kuwa ƙirga, na ga leɓenta yana motsi. Ta tambaya, tafinta ya ce tsautsayin gida ne. Ta buɗe rajistar hatsari, fara tas. Ta koma kan takardar da aka aiko ta da ita. Takardar ba ta tambayi hannu ba, cewa ta yi: shin akwai rauni a rajista? Direbanta ya danna ham, ta sa alama a kan "babu".

Kunya ta kama ni ranar, ta yi mini kwana biyu ta wuce kamar mura. Kai taka ba za ta kai haka ba.

Mataki na 6: Yi amfani da hoton

Kada ka yar. Fuskar dattijuwa tana sayar da takalmi a ƙetare. Mai hoto ya datse shi daga wuyan hannu, a sa a bangon rahoton shekara, a rubuta "Ma'aikatanmu danginmu ne" a ƙasa. Kafin a gama bugawa wata ya ƙare, ka sallame ta.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo bayan bin wannan shawara, babu ruwana, ni magana kawai na sayar. Kai ma babu ruwanka, kana da takardar shaida. Masu saye sun turo an duba, jami'a ta cika takardarta daidai, wanda ya sa takalmin a ƙafarsa kuwa takalmi ya saya. In Gwaggo ta dawo bakin ƙofa tana tambayar wa za ta kama, kada ka sauko. Mai gadi ya gaya mata an bincika sosai, har daga ƙetare aka zo, ba a sami wanda ya ji rauni ba.