Kiyashin Bayan Ɗakina

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na raka wani ɗan'uwa asibiti a Zariya. Can na ji malamin asibiti yana cewa mai ciwon sukari wata halitta ce a cikinsa ta gaza, har kiyashi kan bi fitsarinsa. Na dawo garinmu Gazara ina jin kaina rabin likita.

Wata safiya na zaga bayan ɗaki inda nake tsugunawa, na tarar da kiyashi sun yi dandazo. Ban tambayi kowa ba, ai masani ba ya tambaya. Na sa babbar riga, na bi gari gida-gida ina neman gafara. Bayan la'asar na zaunar da aminina Tanimu a zaure, gaban liman da dattawa, na ce, "Ajali ya zo, kiyashi sun bi fitsarina a bayan ɗaki. Ga amanar iyalina. In ta gama takaba, na yarda ka aure ta."

Tanimu ya sunkuyar da kai, amma bai ce a'a ba.

Sai muryar mai ɗakina daga bayan zana: "Malam, in kiyashin bayan ɗaki ne, jiya na wanke tukunyar mazarƙwaila na zubar a wurin."

Liman ya yi tari, ya nemi takalmansa.

Yau duk mun yi furfura. Amma ko a jana'iza muka haɗu, sai Tanimu ya riƙe hannuna cikin tausayi, ya ce, "Yaya ƙarfin jiki? Kada ka gaggauta don ni, ina da haƙuri."