Ranar da Na Jefa Tubali a Madadin Malam

Da me mutum yake jifa, da hannu ko da ƙafa? Na yi wa mijina Malam wannan tambaya ina amarya, na sake yi mashi da furfura a kaina, amsarsa ba ta taɓa canzawa ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban gane ba. Yau ga ni zaune a ƙofar ɗakinsa, babu wanda zan sake tambaya. (Idan kika ji na yi shiru, ki dakata da rubutun. Hawaye ne, yanzu za su wuce.)

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ce bari in gwada da kaina ba.

Mijina mai jifan tubali ne. Waɗanda suka tashi cikin bulo da siminti ba su san aikin ba. Idan ginin ƙasa ya wuce tsayin mutum, magini kan hau ya zauna a kan katanga, wani kuma yana ƙasa yana jefa mashi tubali da curin ƙasa, shi yana cafewa yana ɗorawa. Idan mai jifa ya gaza, gini ya tsaya. Daga nan Darini har Wagini, har cikin Safana, idan za a tada soro mai tsawo, Malam ake aikowa a ɗauka a babur. Tubalinsa ba ya juyawa a sama, sai ya je ya kwanta a tafin magini kamar an miƙa mashi.

Sa'o'insa duk sun daina tun da ƙuruciyarsu. Wannan kafaɗa ta goce, wancan gwiwar hannu ta kumbura, wani ko buta ba ya iya ɗagawa. Shi kuwa har gemunsa ya yi fari yana jifa. Idan na tambaye shi sirrin, sai ya ce, "Su da kafaɗa suke jifa. Ni da ƙafa nake yi. Hannu ɗan aike ne kawai."

Ni kuma da idona nake ganin tubali yana fita daga hannunsa. To ina ƙafa ta shigo? Sai in ce to, in ci gaba da dakana.

Shekarar da za mu yi wa ɗanmu Lawal aure, muka fara gina wa amarya ɗaki a cikin gidanmu. Magininmu Haruna ne, ɗan kawuna, taubashina, mutumin da tun muna yara bai taɓa ganina ya bar ni na wuce lafiya ba. Gini ya kai inda sai an jefa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, dangin amarya kuma sun ce ba za a sa rana ba sai an rufe ɗaki. A daidai nan gwiwar Malam ta hagu ta ƙi. Ta kumbura kamar ƙaramar ƙwarya. Mai ɗori ya zo ya taɓa, ya ce ta daɗe da lalacewa, daurewa kawai yake yi, kuma kada ya sake ya taka ta.

(Ni duk watannin nan da nake jin yana nishi, kafaɗa nake shafa mashi da man kaɗanya. Yana cewa gwiwa, ni ina cewa ai kafaɗa ce ke aiki. Sai ya miƙo kafaɗar.)

Da safe Haruna ya zo, ya leƙa ya gaishe shi, ya fito ya ce mani, "'Yar gwaggo, gaskiya ɗaya ce. Akwai wani Sani a Wagini, yana da ƙarfi. Gobe zan zo da shi."

Malam ya ji daga ɗaki. Da na shiga, ya juya fuskarsa bango ya ce, "Idan wani ya yi jifa a cikin gidana, ina kwance ina ji, to na gama. Ba wanda zai sake aikowa." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na fito na ce, "Haruna, hau katanga. Ni zan jefa maka har gwiwarsa ta saɓe."

Haruna ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke? Ke da ko kaza kika jefa sai ki samu akuya?"

"Hau dai, ragon maza. Hannun da ya yi shekaru yana daka gero ai ba zai kasa ƙasa ba."

Ya hau yana dariya, ya buɗe hannuwa. Gidan ba kowa sai mu, shi ya sa na samu ƙarfin hali.

Na farko ya daki gindin katanga ya farfashe. Na biyu ya tashi sama sosai, na ji daɗi, sai na ga Haruna yana kallon bayana. Can ya sauka, kusa da akurkin kaji. Har yau ban san yadda abin da na jefa gaba ya koma baya ba.

"Malam!" in ji Haruna. "Fito ka ga magajiyarka, tana gina wa kaji bene!"

Sai ga muryar Malam daga ɗaki: "Ke! Ba da hannu ba! Durƙusa!"

Na durƙusa har ƙasa, kamar mai gaida surukai.

"Ba irin wannan ba, Malam, gaishe ni take yi," in ji Haruna. "Lafiya lau, 'yar gwaggo, ya gida?"

"Rabin durƙuso! Ki sa nauyinki a ƙafar baya, ki tura ƙasa da diddige, ki tako da ta gaba, ƙugu ya biyo, hannu ya zo a ƙarshe!"

Na tsaya da tubali a hannu ina duban ƙafafuna. Wacce ce ta baya? Ai duk biyun a ƙarƙashina suke. Na ja ɗaya baya, sai zani ya riƙe ni. A nan na fara zargin cewa wannan sana'a da wando aka ƙirƙiro ta. Na waiga hagu da dama, na tattare zanina har gwiwa, na cusa bakinsa a ƙugu kamar mai shirin kokawa. Ni, uwar ango.

"Tura ƙasa!" Malam yana ta faɗa. "Tura ta kamar ta yi maki laifi!"

Na ce bismillahi, na lanƙwasa, na tura, na tako. Wallahi wani abu ya taso daga diddigena ya bi cinya ya bi baya, ban san lokacin da tubalin ya bar hannuna ba. Ya wuce hannun Haruna, ya wuce kansa, ya ƙetare katangar gaba ɗaya. Ni kuma ƙafar da na tura da ita ta zame, na tafi da baya na zauna daɓas cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini.

Daga bayan katanga muka ji fas! Sannan muka ji salati.

Ashe uwar amarya ce da ƙannenta biyu, sun taso tun daga Babban Duhu su ga inda ɗaki ya kai. Sun yi ta sallama a zaure, ihunmu ya hana mu ji, suka shigo. Tubalina ya sauka a tsakiyar ƙwaryar nonon da uwar amaryar ta ɗauko mana a ka. Suka zagayo, nono yana bin fuskarta yana ɗiga daga mayafi, suka same ni zaune cikin laka, zani a cinya, ɗankwali ya koma ƙeya.

Me mutum zai ce? Ni dai abin da bakina ya saba shi ya fito.

"Maraba, maraba. Sannunku da zuwa. Kun zo lafiya?"

Ita ma baiwar Allah, mai kunya ce, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Lafiya lau. Mun same ku lafiya? Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Ya mutanen gida? Ya shanu?"

Haka muka bi gaisuwar nan har ƙarshenta, ba mu tsallake ko ɗaya ba, ita tana ɗigar nono, ni na kasa tashi don laka ta riƙe ni. Haruna kuwa ya kwanta a kan katanga ya toshe baki da hula, katangar har rawa take yi. Ƙaramar ƙanwar ce ta kasa daurewa, ta ce, "Inna, dama ke ce za ki gina wa 'yarmu ɗakin?"

Sai muka ji dariya daga ɗaki. Malam ne, wanda tun da gwiwar ta kumbura ko murmushi bai yi ba. Ya yi ta yi har da tari.

Washegari Sani ya zo daga Wagini. Na zaci Malam zai rufe ƙofa. Sai ya ce a fito da shi, aka kifa mashi turmi ya zauna, ya miƙe ƙafar, yana faɗa wa Sani irin abin da ya faɗa mani. Aka rufe ɗaki kafin ruwa, aka yi biki. A wurin bikin ba a kira ni uwar ango ba, Mai Jifa mata suka riƙa ce mani, surukata tana kare kanta da faifai duk lokacin da na wuce. Abin da na koya bai wuce wannan ba: in za ki tare wa miji sana'arsa, ki fara aika wani ya duba bayan katanga.

Malam bai sake jifa ba. Gwiwar ba ta saɓe ba, daga baya ciwo ya hau jikin gaba ɗaya. Bai taɓa tada maganar ranar nan ba, ni ma ban tada ba, na ɗauka kunya na ba shi a gaban surukai. Safiyar da zai rasu ina zaune ina shafa mashi man kaɗanya, wannan karon a inda ya dace. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona, sannan ya ce:

"Ranar nan, ban yi maki godiya ba. Kin riƙe mani wurina, ko da na rabin safiya ne. Ja mani bargon nan, ƙafata ta yi sanyi."