Kat-kat Ta Rasu, Wai Bakin Assétou Ne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Hajiya Zouliha, ungozoma mai ritaya a Zongon Kwatano, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motar gidanmu, wadda unguwa ta sani da Kat-kat. Rai ya yi halinsa ranar Talata da azahar a tsakiyar cunkoson Tokpa-Hoho, bayan doguwar jinya a hannun jahilai.

Tun inji bai huce ba labari ya riga mu isowa gida: wai bakin Assétou ne ya ci ta. Assétou dai ita ce maƙwabciyarmu mai tuyar masa, da kaskon nan take ciyar da marayun ƙanenta. Laifinta shi ne wata safiya ta dubi marigayiya ta ce, "Hajiya, wannan ai sai ta ga jikokin jikokinki," ba ta haɗa da tubarkalla ba. Ɗana Fadel, wanda makulli ke hannunsa, shi ya kai zancen zuwa majalisar maza, mazan suka kai wa matansu. Yanzu masar Assétou kwana take a kwano, mata kuma sai su rufe fuskar goyo in za su wuce ta gabanta.

Marigayiya ta sauko daga jirgin ruwa da tsufanta, amma da mutuncinta. Ta haura Jugu, ta haura Kandi, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Da damina, lokacin da ruwa ke cin layinmu har 'yan zemijan, wato masu acaɓa, su ɗage ƙafafu sama kamar kwaɗi, ita ke fitar da masu naƙuda zuwa asibiti. Otomatik ce, da kanta take sauya giya, kuma a zamanin lafiyarta ba ka jin komai sai ɗan "hmm", irin na dattijuwar da ta gane magana tun ba a ƙarasa ba.

Ciwo ya fara mata da zazzaɓi. Da an shiga cunkoso sai allurar zafi ta haura ja, lagireto ya riƙa "ɓul-ɓul-ɓul" kamar tukunyar wake. Daga baya abin ya sauka akwatin giya. A sa ta tafiya, sai ta yi shiru tana nazari, can ta zabura da "gau!" har kallabi ya zame. A gangara hanya, inji na ihu "wuuu", tayoyi ko a jikinsu. A ƙarshe ta maƙale a giya guda, kare ma yana wuce ta.

Likitoci kuwa ta gan su. Boureima, bakaniken Fadel, ya cire ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin inji ya jefar, ya ce, "Mama, wannan na ƙasar sanyi ne, duk Kwatano haka ake yi." Na ce masa duk Kwatano ma kwata ake zubar da shara, bai mai da ita asibiti ba. Wani a Gbégamey ya ɗaure fanka ta yi ta juyawa ba hutu. Na Cadjèhoun, mai farar riga da kwamfuta, ya jona waya, ya goge fitilar gargaɗi, ya yi mana barka. Da fitilar ta dawo, Fadel ya liƙe ta da baƙin salatif. Ni a aikina, wanda ya fasa ma'aunin zafi don maras lafiya ya warke, kora ce hakkinsa.

To, ba a binne gawa a gidana ba a san abin da ya kashe ta ba. Na fara da bakin da ake tsoro. Na kira Assétou har falo, na ce ta yabi firjina da ƙarfi, kada ta kuskura ta ce tubarkalla. Ta yi tana kuka. Na sa ta yabi janareto, ta yabi Fadel kansa. Firji na nan yana ƙanƙara, janareto na nan, Fadel ma ƙiba ya ƙara.

Sannan na ɗaura zane na je garejin Boureima, inda aka ajiye gawar, da farin ƙyalle. Na zaro sandar gwada man giya na shafa. Lafiyayyen man giya ja ne kamar zoɓo. Wannan ya fito kamar koko da madara. Wato ruwa ya shige shi. Boureima ya ce ai ambaliya ce. Na tuna masa cewa da rani ciwon ya fara, sai ya ce, "Mama, mota sai Allah." Na ce haka ne, amma ɗauko zarto.

Aka yanka lagireto a gabana. A gindinsa akwai ɗan bututu da man giya ke bi ya sha sanyi ya koma, ruwa na kewaye da shi, ba sa haɗuwa. Bututun nan ya rube, ya huje kamar rariya. Hanyoyin ruwan kuma duk farin dafi ya toshe su, ga dalilin zazzaɓi. Na kankaro dafin na ɗora a harshe: gishiri. Nan take na sa aka kira Fadel, na tambaye shi abin da yake shayar da ita. Ya faɗa, kansa a ƙasa.

Marigayiya ta bar tayoyi biyar, ɗaya bai taɓa taka ƙasa ba. Ta bar batir sabo, da kujerun fata, da bakanikai uku da ke kukan rashin uwa mai shayarwa.

Za a ja gawa ranar Asabar da hantsi daga garejin Boureima zuwa wurin masu yankan ƙarfe. Fadel ne zai riƙe sitiyari, kuma ta gaban majalisarsu za a bi, a hankali. Ba a buƙatar kuka. Zaman makoki a gindin kaskon Assétou ne. Duk mai ta'aziyya ya zo da kwanonsa, mai goyo ta zo da fuskar ɗanta a buɗe. Wanda bai ci masa ba kada ya ƙaraso ƙofata.

Ga masu tambayar musabbabin mutuwa: maimakon ruwan lagireto na kwalba, wanda Fadel ya ce dabarar Turawa ce ta cin kuɗin mutane, kowace safiya ruwan rijiyar gidanmu yake ɗura mata, mai zartsin da ko sabulu ba ya kumfa a ciki. Gishirin ya toshe lagireto, ya cinye bututu, ruwa ya shiga man giya. Assétou ba ta taɓa ko murfin motar ba.