Mayafin Kaka a Fiffiken Jirgi

"Lafiya lau, alhamdu lillahi, duk suna gaishe ka. Wai tsaya, Maigida, wannan warin na mene ne? Wa ya mutu a gidan nan ba a gaya min ba?"

"Haba Amarya, daga shigowarki? Ƙamshin ci gaba ne. Hancinki ne bai saba ba."

Kaka ta dire jakarta a bakin ƙofa, ta tsaya tana kallon abin da falonta ya koma. 'Yan kwanaki kawai ta yi a gidan 'yarta, amma an jingine kujerunta a bango ƙafafu a sama, an naɗe darduma, an malale ƙasa da leda. Daga taga har ƙofar kicin, wani dogon abu ne kwance a kife a kan benci biyu, yana ƙyalli. Fiffiken jirgin sama ne. Jikan nata, wanda take kira Maigida tun yana rarrafe, shi kuma yana ce mata Amarya, sana'arsa gyaran bambar mota da tankin ruwa na faiba. Tun ranar da ya gano cewa da irin wannan yadin faiba da gam ake ƙera ƙananan jirage, hankalinsa bai sake saukowa ƙasa ba. Gangar jikin jirgin ta daɗe da cinye garejin marigayi kakansa, Kaka kuma ta haƙura da gareji. Falo kam ba ta tuna ranar da ta bayar da shi ba.

"Wannan kwalekwalen me yake yi min a ɗaki?"

"Fiffike ne. Ya fi gareji tsawo, kuma gam ba ya son ƙura. Duk gidan nan falonki ne ya fi tsabta. Yabonki nake yi."

"Riƙe yabonka. Baƙona in ya zo a ina zai zauna?"

"Wane baƙo? Tsofaffin nan da ke zuwa ku yi ta lissafin wanda ya mutu da wanda ya rage? Su zauna a ƙarƙashinsa, akwai inuwa."

"Allah ya shirye ka. Ka cire wa firjina inji ka ce za ka zuƙe iska da shi, na yi shiru. Sikelin kicin ɗina ya tafi awon gam, bai dawo ba. Almakashina yanzu ko zare ba ya yankawa. Wane irin miji ne wannan, sai dai ya kwashe kayan matarsa?"

"Jari kika zuba. Ranar da na tashi, ke ce a kujerar gaba."

"Ni? A cikin abin da aka liƙa da gam? Kai da ka liƙa min takalmi bai kai ni bakin titi ba?"

"Ƙafar ce ta karkace, ba takalmin ba."

Ta ɗaga sandarta ta yi kamar za ta kwaɗa masa, ya goce yana dariya. Sai dai dariyar ba ta yi mata daidai a kunne ba. Ta san yaron nan ciki da bai. Tun shigowarta yake tsaye a wuri ɗaya, ya jingina da tsakiyar fiffiken ya baza hannuwa kamar mai tare kaza.

"Matsa."

"Ki je ki huta tukuna. Kin sha hanya."

"Na ce ka matsa."

Ya matsa, ba don yana so ba. Kaka ta gyara tabarau ta sunkuya. Duk sauran fiffiken launin gam ne, ruwan zuma-zuma, ana hango soso mai tauri a ciki. Amma a nan tsakiya akwai wani fili mai faɗi, fari, da ƙananan furanni shuɗaye a jere, a shimfiɗe sumul a ƙarƙashin gam ɗin da ya bushe kamar gilashi. Ta kai yatsa ta shafa. Ba ta ji yadi ba, sai santsi.

"Maigida."

"Na'am."

"Wannan furen na san shi."

"Fure ai duk kama yake yi."

"Ka shiga ɗakina?"

Ya sosa ƙeya. Daga nan bayani ya ɓalle masa kamar famfo. Wai idan an shimfiɗa faiba an shafe ta da gam, akwai wani yadi mai santsi da ake ɗorawa a kai, in ya bushe a ɗaye shi, ya bar wurin lumui. Nasa ya ƙare ana tsakiyar aiki, ga gam ya riga ya dama, shi kuwa gam in an dama shi ba ya jiran kowa. Kafin ya je kasuwa ya dawo, aikin wata da watanni ya lalace. Sai ya faɗa ɗakinta da gudu. Ya ɗauka mayafin irin na roba-roba ne da zai ɗaye. Ashe auduga ce zalla, ta shanye gam ɗin ta zama ɗaya da fiffiken.

"Kuma ki lura da kirkina," in ji shi. "Ban taɓa sababbin ba. Duk na ɗaga su, na tona har ƙasan akwati, na zaɓo tsohon da ba kya sawa. Ni tunda nake ban taɓa ganin sa a jikinki ba."

Kaka ta nemi wurin zama, babu. Ta zauna a kan jakarta.

Ranta ya ɓaci, ɓacin gaske, ba irin na wasa ba. Mayafin nan shi ne abu ɗaya tak da marigayi ya taɓa zaɓo mata da hannunsa. Mutum ne da bai san yadi ba, bai san launi ba, kullum sai dai ya ce ta je ta zaɓa. Sau ɗaya ya dawo daga wata tafiya da shi a ƙunshe cikin takarda, yana ta sunne kai kamar wanda ya yi laifi. Bai ma yi mata kyau ba, gaskiya, shi ya sa ba ta cika yafa shi ba. Amma tun rasuwarsa, duk ranar da gidan ya yi mata faɗi, takan rufe ƙofa ta ciro shi ta ɗora a cinya, ta mayar. Ba wanda ya sani, don ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Kakanka ne ya saya min," ta ce.

Jikan ya sunkuyar da kai.

"Kishi ne ya sa ka, na gane. Mutum yana kabarinsa ba ka bar shi ya huta ba. Shi ya saya, kai ka liƙe. To ba ni takardata, na gama auren."

"Amarya, wallahi ban sani ba." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kuma in na sake ki wa zai kwasa?"

"Ƙaninka yana nan. Ko keke bai iya ɗaurewa ba, kayana za su zauna lafiya. Ciro min mayafina."

"Ba ya ciruwa."

"Jiƙa shi."

"Ko shekara ya yi a ruwa."

"Tafasa ruwan."

"Kaka, jirgi ne. An yi shi don kada ruwa ya yi masa komai."

"Ai ka ce kai injiniya ne. Yadda ka shigar da shi, haka za ka fitar da shi."

Ya durƙusa a gabanta, yau babu iya shege a fuskarsa. Ya ce hanya biyu ce. Ko ya goge wurin da samfefa, fiffike ya tsira, mayafi ya zama gari. Ko ya yanko wurin gaba ɗaya da inji, ta samu mayafinta, amma a sandare kamar faranti.

"Fiffiken fa?"

"Ƙashin bayansa ta nan ya bi. In na yanka, ya tashi daga aiki. Sai sabo."

"Yanka."

Ta faɗa ne don ta ga gudun ruwansa. Ta zaci zai yi ta magiya, ya kawo mata surutun nan nasa, ya yi alkawarin sayo mata goma. Sai ta ga ya miƙe. Ya fita gareji, ya dawo da injin yanka da doguwar waya. Ya ɗauki alƙalami ya zana layi a kewayen furannin, a hankali, yana barin tazara don kada haƙorin inji ya taɓa ko bakin mayafin. Ya miƙo mata takunkumi.

"Rufe hancinki. Ƙurarsa ba ta da kyau ga tsofaffi."

"Tsohuwa tana gidanku."

"Ai nan ne gidan namu."

Ya jona waya a bango. Kaka tana kallon hannuwansa, duk sun yi kanta, gam ya cinye gefen farce. Ta tuna yadda yake dawowa daga wurin aiki a gajiye, ko abinci bai ci ba ya shige gareji. Wata zuciyar ta ce mata ta bar shi ya yanka, dama ba ta son ya tashi, ko banza ya ƙara shekara a ƙasa inda take ganin sa. Amma ta san jinin gidan. Zai sake wani ne, a falon nan dai, da warin nan dai, ita kuma a bar ta da allo mai fure wanda ba ya naɗuwa, ba ya shiga akwati, ba ya zama a cinya. Mayafin ya riga ya tafi, ko an yanka ko ba a yanka ba. Wannan ne ya fi ba ta haushi.

Injin ya ɗauki kuka. Ya sunkuya, ya saita haƙorin a kan layi. Kaka ta miƙa sandarta ta maƙalo wayar ta fizge ta daga bango.

"Kai wane irin mutum ne? Komai aka ce maka sai ka yi?"

"Ke kika ce in yanka."

"Da na ce ka bar ƙera jirgi ka bari? Sai yau ka zama mai jin magana? Ka cika min ɗaki da ƙura, ka miƙo min faranti in yafa in tafi unguwa?"

Ya ajiye injin. Ta ga ya juya baya yana goge fuska da hannun riga, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Wannan gefen da mayafin yake, sama ne ko ƙasa?" ta tambaya.

"Ƙasa ne. A kife fiffiken yake."

"Fenti za ka shafa masa?"

"Fari. Dole ne, in ba haka ba rana ta dafa gam ɗin ya yi laushi."

"Rana ta ƙasa take fitowa a garinku?"

Ya juyo ya kalle ta, sai murmushi ya fara dawo masa.

"Ka shafe samansa da duk abin da ka ga dama," ta ce. "Nan wurin, in ka ɗiga masa fenti, ni da kai ne. Kuma kafin jibi ka fitar min da wannan kwalekwalen, ka sauke min kujeru, ka mayar wa firjina injinsa."

"Injin ya ƙone."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin, Amarya. Sai dai akwai 'yar matsala." Zolayar ta fara dawo masa. "Mayafinki ya sha gam ya ƙoshi, kamar mai shi in ta samu shayi. Wannan fiffiken zai fi ɗan'uwansa nauyi. Kaɗan ne, amma sai na ƙara wa ɗayan wani abu, in ba haka ba jirgin zai riƙa karkata gefe ɗaya, irin tafiyarki."

"Karkata? A sama?"

"Kaɗan dai. Zan san yadda..."

Bai ƙarasa ba. Kaka ta riga ta zare mayafin da ta shigo da shi, sabo fil, wanda 'yarta ta ba ta jiya, ta dunƙule ta jefa masa a fuska.

"Ungo. Auduga ce shi ma, kada ka tambaye ni. Ka liƙa a ɗayan, daidai wurin, ka auna da sikelin da ka sace min. Ba don kai ba, kada a ce mayafina ne ya kayar da jirgi."

Ya ciro mayafin daga fuskarsa yana dariya, har da riƙe ciki. Ita ma ta so ta ƙi, dariyar ta ƙwace mata. Ta dafa sanda ta miƙe, ta raɓa ta gefen fiffiken za ta shige ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba.

"Ranar da za ka tashi, ka bi ta saman gidan nan. A hankali, ka ji ko? Idona ba kamar da ba ne."