Bindigar Wendell Ta Rasu a Filin Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in za a faɗi gaskiya rabinsa haushi ne, ni Orval Tackett nake sanar da dangi da abokan zuwa coci rasuwar ƙaramar bindigar ɗana Wendell. Shi ya kamata ya rubuta, to ya bar mini aikin.

Marigayiya ba ta shigo gidan da sauƙi ba. Shekara biyu Wendell yana neman wadda za ta ɓuya a jikinsa ba ta takura masa ba. Wannan ta cika kauri, waccan tana sukarsa in ya zauna a mota, wata kuma tana turo riga har mai kanti ya gane. Ƙato mai shekara hamsin da huɗu ya tsaya gaban madubi yana juyi, yana tambayar matarsa, "Darla, ana gani?" Ni tawa bindigar, tsohuwar libarba, shekara arba'in tana cin ƙashin ƙuguna, ko sau ɗaya ban manta tana nan ba.

Daga ƙarshe ya dace da wannan. Siririya ce, marar nauyi, mai kawaici, aljihun kwat ma ya ishe ta. Ba ta ɗaga murya sai a filin gwajin harbi, inda take cewa tau, tau, nesa kaɗan da inda aka nuna mata. Yabonta a bakinsa ɗaya ne: "Baba, sai ka manta tana jikinka."

Ya kuwa manta. Ranar Talata shi da Darla suka tafi filin jirgi, za su je ganin jikarsu ta fari. Ya cire takalmi, ya cire agogo, ya tuɓe kwat ya miƙa wa na'urar bincike da hannunsa. Nan ajali ya same ta.

Darla ta dube shi a tsakiyar 'yan sanda ta ce, "Sannu maigida. Tsarabar jaririyar ke nan?" Ta hau jirgi ita kaɗai. Da ta sauka ta bugo waya: ko sauran bindigogin su bar gidan, ko ita ta bar shi.

Marigayiya ta bar 'yan uwa tara a akwatin ƙarfe, da kube shida da babu wanda ya taɓa yi wa Wendell daidai, da lasisin riƙe bindiga mai jinya a gaban alƙali.

Babu gawa, tana hannun hukuma. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da hantsi a harabar gidan Wendell, akwai gasasshen naman shanu. Duk ɗan uwa mai cikakkun takardu zai tafi da marainiya ɗaya daga cikin bindigogin tara, kuma Wendell da kansa zai kai ta mota. Kada wanda ya tsaya zaɓe, abin da aka miƙa maka shi ne naka. Jirgin Darla zai sauka Lahadi da ƙarfe huɗu, ta ce ba za ta ajiye jaka ba sai ta leƙa akwatin nan.